Littafin hotuna kwafi ɗaya tak: yadda gasar samfuri take, da abin da mai hoto daga Zariya zai tarar

Akwai wasu gasanni da ake yi a Turai waɗanda ba a shigarsu da hoto guda, ba a kuma shigarsu da littafin da ya riga ya fito kasuwa. Abin da ake aikawa samfurin littafin hotuna ne wanda mai shi ya haɗa da kansa. Shi ya zaɓi hotunan, ya jera su, ya buga, ya ninke takardun, ya ɗinke, ya yi bango. Sau da yawa kwafi ɗaya ne ko biyu a duk faɗin duniya. Alƙalai su zauna gaban tebur su yi ta buɗawa shafi bayan shafi, wanda ya yi nasara kuma babban ladansa shi ne a mayar da samfurin nasa cikakken littafi, a buga shi da yawa, ya shiga shaguna da ɗakunan karatu.

Wadda ta fi suna a cikinsu ta samo asali ne daga bikin littattafan hoto na birnin Kassel a Jamus, wanda Dieter Neubert ya kafa a 2008. Gasar, mai suna Kassel Dummy Award, takan tace littattafai wajen hamsin daga cikin ɗaruruwan da aka aiko, sai a riƙa zagayawa da su ana baje kolinsu a garuruwa daban-daban. A 'yan shekarun nan ragamarta ta koma hannun PhotoBookMuseum da ke birnin Kolon. Ta biyu tana Arles a kudancin Faransa, inda ake babban bikin hotuna tun 1970. A 2015 bikin ya haɗa gwiwa da gidauniyar LUMA suka buɗe tasu gasar, da Yuro 25,000 ga wanda ya yi na ɗaya. Kafin wani ya fara lissafin abin da zai saya da su in an canza zuwa Naira, kuɗin na aikin buga littafin ne, ba na aljihu ba. A Landan kamfanin MACK ya fara ba da kyautar littafin farko a 2012, an kuma yi makamantansu a Amsterdam da Madrid.

Me ya sa sai samfuri? Tsada ce ta kawo haka. Littafin hotuna ya sha bamban da littafin labari wajen kuɗin bugu. Takardarsa mai kauri ce, launinsa sai an yi ta gwaji kafin ya zauna, kuma masu sayensa ba su da yawa, don haka galibi ɗaruruwa ake bugawa, in ya yi yawa dubu ɗaya ko biyu. Kamfanonin buga littattafai da dama a can ma sukan nemi mai hoton ya kawo wani kaso na kuɗin. Babu mai zuba irin wannan dukiya a kan hotunan da aka turo masa a waya a warwatse. So yake ya riƙe abin a hannu, ya ji nauyinsa, ya ga ko akwai littafi a ciki ko tarin hotuna ne kawai. Kuma haɗa littafin hoto da hannu ba sabon abu ba ne, da shi aka fara. Littafin da ake ɗauka shi ne na farko da aka yi da hotuna, wata Baturiyar Ingila mai nazarin tsirrai, Anna Atkins, ta fara fitar da shi a 1843 a kan ciyayin teku, kowane shafi da hannu ta wanke shi a shuɗiyar takarda, kwafi kaɗan ta yi ta rarraba.

Abin da masu shiga karon farko suka fi kuskure a kai shi ne zaton cewa kyawun hotuna ake aunawa. Kyawun hoto sharaɗin shiga ne kurum, don kusan duk wanda ya aiko ya iya riƙe kyamara. Abin da ke raba gardama shi ne zaɓi da jeri: me aka saka, me aka bari, wane hoto ne ya biyo bayan wane, ina aka bar shafi fari don mai kallo ya huta. Robert Frank ya zaga Amurka a 1955 da 1956 ya ɗauki hotuna wajen 27,000, amma 83 kaɗai suka shiga littafinsa The Americans da ya fara fitowa a Faransa a 1958. Littafin ya yi suna ne saboda waɗannan 83 da yadda suka bi juna.

Mu ɗauko misali daga gida. A ce wani matashi daga Tudun Wada ya shekara da shekaru yana ɗaukar hawan Sallah a Zazzau, kwamfutarsa cike. In ka ce ya haɗa littafi, abin da zuciyarsa za ta ba shi shi ne ya buɗe da Sarki ƙarƙashin laima, ya bi da hakimai ɗaya bayan ɗaya, kowa da ado, ya rufe da jafi a ƙofar fada. Duk hotunan masu kyau ne, amma daga shafi na goma mai kallo ya gama sanin abin da ke shafi na arba'in. Yanzu a juya shi. A buɗe da barga da asuba, yaro yana wanke doki da bokiti, babu mahayi. Shafi na gaba hannun wani dattijo ne a cikin birni yana ƙarasa ɗinkin aska takwas a wuyan riga, wanda ke fuskantarsa kuma hannun wani ne riƙe da linzami, yatsun biyun sun lanƙwashe iri ɗaya. Daga nan a bar shafi babu komai. Sai ƙura, sai ƙafafun dawakai kaɗai, sai mata a kan katanga da soro suna leƙe. Sarki bai bayyana ba sai an wuce rabin littafi, hoto ɗaya rak, kuma daga nesa. A ƙarshe titin Ƙofar Doka da yamma bayan an watse, ledojin ruwa da kashin doki, mai shara ya sunkuya. Hotunan mutum ɗaya ne, daga hawa iri ɗaya. Na farkon kundin tunawa ne, na biyun kuwa yana da abin da yake faɗa game da waɗanda hawa ke tsaye a kan guminsu. Irin na biyun alƙalai ke nema.

Wannan ne ma bambancinsa da albam ɗin biki da situdiyoyinmu na Sabon Gari suka ƙware a kai. Albam aikinsa kada a bar kowa a baya, in aka manta gwaggon amarya an shiga uku. Littafin hoto kuwa da cirewa ake gina shi, kuma hoton da ya fi ciwon cirewa shi ne wanda mai shi ya fi so. Ya tuna wahalar da ya sha kafin ya same shi, rana ta dake shi, dogari ya kore shi, amma mai kallo bai san da wannan ba, kuma ba ruwansa. Shi ya sa masu wannan sana'a ba sa yin jeri a kwamfuta. Sukan wanke hotunan ƙanana, girman tafin hannu, su baza a tabarma ko su manna a bango, su bar su makonni suna wucewa suna kallo suna sauya musu wuri. Sukan kuma kira wanda ba ya jin nauyinsu ya zo ya ce wannan bai da aiki a nan. A ganina wannan mutum na biyun, wato edita, shi ne abin da ya fi ƙaranci a wajenmu, fiye da kyamara, fiye da kuɗi. Muna da masu yabo da yawa a Facebook, masu cewa cire wannan ne ba mu da su.

Sai aikin hannun kansa, wanda ya fi yadda ake zato lissafi. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki takardu huɗu a ninke su biyu a cusa cikin juna, su ba da shafi 16. Matsalar ita ce shafukan ba a jere suke a kan takardar ba. Takardar waje tana ɗauke da shafi na 16 da na 1 a fuska ɗaya, na 2 da na 15 a bayanta. Ta biyu tana da 14 da 3, da 4 da 13, haka har zuwa ta tsakiya, inda shafi na 8 da na 9 ke zaune kusa da juna a takarda guda. Nan ne kaɗai hoto zai iya ratsa shafi biyu ba tare da an yanka shi ba. Ko'ina ban da nan, rabin hoton yana wata takarda, ɗaya rabin yana wata, kuma in injin ya goce da ko milimita biyu, sai ka ga layin katanga ya karye a tsakiya. Mai hankali yakan fara ninke farar takarda ya rubuta lambobi da fensir, ya warware ya ga inda kowace ta faɗa, kafin ya kai wa mai bugu ko shafi ɗaya. Kuma kada a sa fuskar mutum a daidai tsakiyar littafi, ɗinki zai haɗiye masa hanci.

Takarda ma tana da jijiya. In ka lanƙwasa ta ta tsawo sannan ta faɗi, za ka ji ɓangare ɗaya ya fi saurin ba da kai. Dole jijiyar ta bi tsawon bayan littafin, in ba haka ba shafukan za su riƙa miƙewa tsaye suna ƙin kwanciya, bangon kuma ya kumbura da zarar gam ya taɓa shi. Takardar A4 ta rim da muke saye yawanci jijiyarta ta tsawo ce, don haka in ka ninke ta biyu ka yi ƙaramin littafi, jijiyar ta kwanta a gicciye. Ga shi mai nauyin giram 80 ba ta riƙe hoto, na bayan shafi yakan leƙo ta gaba. Ana bukatar wadda ta kai giram 120 zuwa 170. Yanayinmu kuma ba ya ragawa: littafin da aka manna da damina yakan sha danshi ya yi tudu da kwari, wanda aka yi da hunturu kuma gam ya bushe kafin ka daidaita kwalin, takarda ta nannaɗe. Dabarar ita ce gam kaɗan, farin nan irin na kafintoci, a shafa siriri, a sa takarda tsakani, a danne da nauyi ya kwana.

Ɗinki iri-iri ne. Akwai na huda uku a tsakiyar ninki, da allura da zare mai ƙwari da aka goga wa kakin zuma. Akwai irin na Japan da ake huda gefen takardun a ɗaure ta waje, yana da kyan gani amma littafin ba ya buɗewa sosai. Akwai wanda ba ɗinki sam, doguwar takarda ce ake ninkewa gaba da baya, in an warware ta miƙe tsawon ɗaki, wanda zai dace da jerin gwanon mahaya ko tsawon ganuwa.

Abin da ya fi ba mu wahala a bugu shi ne launi. Fuskar kwamfuta da haske take nuna hoto, takarda kuwa da tawada, don haka komai yakan fito da duhu fiye da yadda aka gani. Hotunanmu kuma sukan haɗa abu biyu masu wuyar sha'ani a wuri guda: baƙar fata da farar shadda a tsakar rana. In ka bi ta fuskar, rigar ta wanke fes, ɗinkin ya ɓace. In ka bi ta rigar, fuskar ta zama dunƙulen baƙi ba ido ba hanci. Maganin shi ne a ɗauki hoto ɗaya mafi wuya, a buga shi sau da dama a takarda guda da haske daban-daban, a kan ainihin takardar da za a yi aiki da ita, a injin da za a yi aikin da shi, sannan a duba a hasken rana, ba ƙarƙashin ƙwan shago ba.

Ta fuskar hannu dai Zariya ba ta da abin kuka. A Samaru, kewayen Jami'ar Ahmadu Bello, akwai masu yi wa kundin digiri bango waɗanda suka ɗinke dubban littattafai, suna da injin yanka da na dannewa. Abin da za ka yi fama da shi kawai shi ne sabonsu: hannunsu ya saba da bango mai kauri da rubutun ruwan zinare, sai ka tsaya a kansu ka ce ba haka kake so ba. A cikin birni akwai dukawa, kuma jar fatar akuyar ƙasar Hausa ta daɗe tana cikin waɗanda masu ɗinkin littafi a Ingila suka fi daraja. Sannan muna da tamu tsohuwar siffar littafi da ba ta yi kama da ta Turawa ba. Littattafan malamanmu na rubutun hannu ba a ɗinke suke ba, warƙa-warƙa ne, a ƙasan shafi a rubuta kalmar farko ta shafi mai zuwa don kada jeri ya rikice, a haɗa su cikin tadarishi, wato bangon fata, a ɗaure da igiyar fata, a zura a gafaka. Mai hoton da aikinsa ya shafi makarantun allo ko zaurukan malamai, in ya zo da littafinsa a wannan siffa, yana da hujja mai ƙarfi, don siffar daga cikin batun ta fito. Amma in hotunan 'yan acaɓa ne a unguwar PZ ta Zariya aka cusa a gafaka don kawai a burge Bature, ado ne, kuma alƙalan da suka buɗe ɗaruruwan littattafai suna gane ado. Akwai wani lissafin kuma: wanda ya ci, littafinsa za a buga da yawa, don haka alƙalai suna tambayar kansu ko abin zai bugu a inji da kuɗin da ake da su. Samfurin da kowane shafinsa sai an yi masa aikin hannu na kwana guda yana iya burgewa ya kuma faɗi.

Sharaɗin cewa ba a taɓa bugawa ba yana da 'yar sarƙaƙiya. Littafin ake nufi, don haka hotunan da suka taɓa hawa Instagram ko aka rataye a wani baje koli galibi ba su hana shiga. Inda ake samun matsala shi ne in mutum ya riga ya buga kwafi da yawa ya sayar, ko ya karɓi lambar rajistar littafi ta ISBN, ko ya sa hannu da wani kamfani. Kowace gasa da inda ta ja nata layin, kuma yakan sauya daga shekara zuwa shekara, don haka takardar sharuɗɗan ta bana ce abin karantawa, har da ƙananan rubutun: wa ke da haƙƙin mallakar hotunan bayan an ci, kwafi nawa za a ba mai littafin, za a dawo da samfurin ko zai zauna a ma'ajiyarsu. Don wannan na ƙarshen, kada mutum ya aika kwafin da ba shi da na biyunsa.

Haƙƙin waɗanda ke cikin hoton kuma babu takardar gasa da za ta tsare maka shi. Matar da ta yarda ka ɗauke ta a tsakar gida ranar suna, don kai ɗan ƙanwarta ne, ba ta yarda a baje fuskarta a Kolon ba. Sai an koma an tambaya, da samfurin a hannu, ta gani da idonta. Haka tsofaffin hotunan situdiyo da ake tsinta a akwatunan iyaye: wanda ya ɗauka yana da magada, wanda aka ɗauka ma yana da su.

Kuɗi da aike su ne katangar da ta fi tsawo. Wasu gasannin suna karɓar kuɗin shiga da Yuro, kuma tun da aka saki Naira ta nemi farashinta a Yunin 2023, abin da ɗalibi a Jamus zai biya bai ji ba ya zama abin da ɗalibi a harabar Kongo ta Zariya zai yi shawara da gida a kansa. Biyan ma sai da katin da ke aiki a waje. Aika kunshi ta kamfanonin aike masu sauri yakan fi kuɗin haɗa littafin kansa, ta gidan waya kuma da sauƙi amma sai an ba da tazarar makonni. A takardar kwastan a rubuta cewa samfuri ne ba na sayarwa ba, a sa masa ƙaramar ƙima, don in aka rubuta babban kuɗi za a nemi haraji a can, masu gasa kuma ba lalle su biya ba. Wannan yana cikin dalilan da suka sa ake kiran gasannin na duniya amma jerin waɗanda aka tace yakan cika da Turai da Amurka da gabashin Asiya. Ba hotuna Afirka ta rasa ba. Bamako tana bikin hotuna tun 1994, Legas tana da LagosPhoto tun 2010, Malick Sidibé na Mali ya karɓi kyautar Zakin Zinare a Venice a 2007, J. D. 'Okhai Ojeikere kuma ya bar hotunan kitso da gyaran gashi kusan dubu da ya fara ɗauka a 1968.

Akwai tambayar da ta fi ta kuɗi nauyi: idon wa ake yi wa littafin? Zariya ta san wannan tambaya tun kafin a haifi masu gasar Kassel. A 1933 Rupert East, daga ofishin Hukumar Talifi a nan garin, ya nemi malamai su rubuto ƙagaggun labarai da Hausa, waɗanda ba a taɓa bugawa ba, ladan kuma shi ne a buga. Daga nan aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Babu mai musun alherin da gasar ta jawo, ita ta kawo Imam Zariya, aka zo aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 da kamfanin Gaskiya a 1945. Amma East shi ne mai kira, shi ne alƙali, shi ne mai gyara, kuma abin da yake ganin ya isa labari shi ya zama ma'auni na tsawon shekaru. Gasar hoto ma haka take. Alƙali a Arles yana da hoton Arewacin Nijeriya a kansa tun kafin ya buɗe kunshinka: almajiri da kwano, sansanin 'yan gudun hijira, doki da rawani. In ka ba shi abin da yake jira, zai gane da sauri, mai yiwuwa ma ya sa ka cikin waɗanda aka zaɓa. Sai dai littafin ya zama nasa ke nan, kai ka yi masa dako. Ɗaliban da suka kafa Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya a 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, a kan wannan suka ja daga da manhajar Turawa: sun karɓi kayan aikin, suka ƙi karɓar idon. Ni dai na fi son in ga littafi a kan masu jiran layi a asibitin Shika, ko ɗakunan kwanan ɗalibai bayan an tafi yajin aiki, ko manoman rani a bakin Galma, ko zanen bangon gidajen ƙasa da siminti ke cinyewa a cikin birni, ko da alƙalin zai daɗe kafin ya gane inda aka dosa.

Harshen rubutun ciki ma yanke shawara ne. Yawancin gasannin da Turanci ake cike takardunsu, amma ba a tilasta wa littafin kansa ya yi Turanci, littattafai da Japananci da Sifaniyanci suna shiga suna kuma ci. Ana iya barin rubutun da Hausa, da boko ko da ajami, a buga fassarar a 'yar takarda daban a saƙala a bayan bango. Abu ɗaya za a kiyaye: ba kowane salon haruffa na kwamfuta ne ke da ɓ da ɗ da ƙ ba, kuma kwamfutar shagon bugu takan musanya su da akwati ko alamar tambaya ba tare da ta yi gargaɗi ba. A mayar da aikin PDF tun daga gida, a buga shafin rubutun shi kaɗai a karanta shi harafi-harafi kafin a ba da izinin buga sauran.